Hular da Ke Kujerar Gaba

Cane Creek, Jojiya
9 ga Satumba, 1956

Ƙanena Lonzo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa Detroit lafiya, doguwar motar nan taka ba ta ba ka wahala a hanya ba. Mu nan lafiya ƙalau, sai bayan maigidana Hosea da ya sake tashi, a karkace yake tafiya tun da ka tafi. 'Yarka Pearlie ta rabu da tarin, ta koma makaranta. Alfadarinmu ma yana gaishe ka. Tun da Baba ya rasu, shi kaɗai ya rage a garin nan da bai taɓa shiga motarka ba.

Har yau maganar Lahadin Dawowa Gida ake yi a coci. Duk 'yan garin da suka tafi Arewa sun zo da kwat da takalma masu sheƙi kamar yadda suka saba kowane Agusta, amma da ka shigo filin coci kowa ya ajiye cinyar kazarsa ya juyo. Ola Mae Tate ta matso kusa da ni ta ce, "Vesta, wannan mota ce ko coci aka sa wa taya?" Na ce mata, "Ta ƙanena ce, kuma tana da 'yar'uwa a gida, ita yana hutar da ita ne." Ai kai ka gaya mini biyu ne. Da ka ga yadda bakinta ya mutu, da ka biya ni lada.

Maza kuwa hular nan suke ta yi wa dariya. Ka tuna da Pearlie ta ɗauko baƙar hular direba da farar safar hannu a kujerar gaba, ka zaunar da mazan gindin bishiya kana nuna musu yadda kake yi in 'yan sanda sun tare ka a Tenesi? Ka kifa hula, ka sunkuyar da kai, ka ce, "Motar maigidana ce, yallaɓai, aike ni ya yi." Hosea da ba ya dariya sai da ya riƙe ƙugu. Ya ce kowane baƙar fata mai babbar mota ya san dabarar, amma bai taɓa ganin wanda ya iya ta kamarka ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani Bature daga kamfanin takarda ya zo, yana son gonar Baba, za su dasa itatuwan da ake yin takarda da su. Ya ce kabarin Baba da ke gindin ɓaure ba za su taɓa shi ba. Lonzo, na gaji. Audugar bana ba ta biya wahalarta ba, Hosea ba zai ƙara iya bin garma ba, ni kuma ba na son Pearlie ta tsufa da buhu a wuya kamar uwarta. Ina so in sayar mu taho wurinka. Hosea ya samu aikin da ba na sunkuyo ba, yarinya ta yi karatu.

Na san ba sai na nemi izininka ba, tunda a gaban Baba ka ce a rubuta gonar da sunana, kai ba ka da bukatar jar ƙasa. Shawararka nake nema, da ɗaki ɗaya a gidanka kafin mu tsaya da ƙafafunmu.

Yayarka,
Vesta

Detroit, Mishigan
14 ga Oktoba, 1956

Yaya Vesta,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin Pearlie ta warke. Ki ce wa Hosea ya riƙa kwanciya a kan katako, an ce yana taimakon baya. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki da ya yi yawa, don lokacin sanyi mu ba ma hutawa. Ga 'yar rigar sanyi nan na sa wa Pearlie a cikin ƙunshin, in ta yi mata yawa ta girma a ciki.

Maganar gona, Yaya, kada ki yi gaggawa. Garin nan ba kamar yadda ake ganinsa daga can yake ba. Masana'antun mota sun rage ɗaukar mutane, waɗanda ke ciki ma ana sallamarsu. Sanyin nan kuma ba na mai ciwon baya ba ne. Mutum yakan zo da murna, kafin shekara ya fara tambayar kuɗin jirgin komawa.

Batun ɗaki kuwa, inda nake zaune ba zai yi muku ba. Ban san yadda zan faɗa miki ba. Ba wurin da zan kawo ki ba ne, ke da Hosea da yarinya. Ki bari sai Agusta mai zuwa, in na zo mu zauna a baranda mu yi magana a tsanake. Akwai abubuwan da ba sa shiga takarda.

Ki gaishe mini da Fasto da su Ola Mae. Ki zuba wa ɓauren Baba ruwa a madadina.

Ƙanenki,
Alonzo

Cane Creek, Jojiya
2 ga Disamba, 1956

Alonzo,

Tunda yanzu Alonzo kake sa hannu, to Alonzo. Muna lafiya. Rigar ta yi wa Pearlie, ta gode. Hosea ya kwanta a katakon, ya tashi da ciwon wuya a kan na baya, shi ma ya gode.

Na karanta wasiƙarka har na haddace ta. "Ba wurin da zan kawo ki ba ne." Na gane, ƙanena. Ni ce na wanke ka a baho bayan Mama ta rasu, ni na cire maka ƙaya a ƙafa, amma yau ƙafata ce za ta ɓata maka darduma. Kana tsoron maƙwabtanka masu hular gashi su ji Hosea yana kurɓar kofi a faranti. Ba komai. Ba sai mun kwana gidanka ba, garin da ya ɗauki mai mota biyu ai ba zai rasa ɗakin haya ba. In mun haɗu a titi kana tare da manyan mutane, sai in kau da kai, ka ce ba ka san ni ba.

Ka sani a kanka na yi faɗa da mijina. Ya ce, "Vesta, ƙasar nan tsohonku da gumi ya saye ta lokacin da baƙar fata ba ya iya sayen ko kallo. In ta tafi ba za ta dawo ba." Na ce masa, "Kai da ka riƙe ƙasa me ka tara ban da ciwon baya? Dubi Lonzo, da jaka ɗaya ya bar nan." Ya ɗauki hularsa ya fita wurin alfadari. Na ji ba daɗi bayan na faɗa, amma ban janye ba, don gaskiya na faɗa.

Baturen yana son amsa kafin lokacin shuka. Zan tambaye ka sau ɗaya, ba zan ƙara ba. In akwai wani abu ban da kunyarmu da kake ji, ka faɗe shi ƙarara, da kalmomin da macen da ta tsaya a aji huɗu za ta gane. In babu, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Vesta

Cane Creek, Jojiya
10 ga Fabrairu, 1957

Lonzo,

Ina fata kana lafiya. Mu dai da sauƙi. Kirsimeti ya wuce, sabuwar shekara ta shiga, kullum Pearlie sai ta je bakin hanya ta leƙa akwatin wasiƙa ta dawo hannu wofi. Na daina hana ta, ta gaji don kanta.

Na ce in babu wani abu kada ka wahalar da kanka, ka kuwa ji magana. Na gode, aƙalla ba ka yi mini ƙarya ba. Ranar Alhamis zan shiga gari in sa hannu. Sun yarda mu zauna a gidan har ƙarshen Yuni.

Vesta

Detroit, Mishigan
6 ga Maris, 1957

Yaya,

Ina gaishe ku. Don Allah kada ki sa hannu. In kin sa, ki je ki roƙe su. Wasiƙarki ta Fabrairu ta daɗe a aljihuna ban buɗe ba, don ina tsoron abin da ke ciki, yau na buɗe. Tun Disamba nake rubuta miki amsa ina yayyagawa.

Booker, ƙanen mijin Ola Mae, ya rasu a nan ranar Lahadi. Za a kawo shi gida ta mota, a binne shi ranar Asabar. Ina cikin masu kawo shi. Na roƙi a sa wani, an ce ni na san hanya.

Yaya, ki zauna a gida ranar Asabar. Ki ce ba ki da lafiya. Da an gama zan zo in same ki in gaya miki komai da bakina. Kada ki zo coci, na roƙe ki da girman Allah.

Lonzo

Cane Creek, Jojiya
17 ga Maris, 1957

Lonzo,

Ina fata kun koma lafiya. Lafiyar jiki muna da ita. Wasiƙarka da ka ce kada in je coci sai ranar Litinin ta iso, bayan an binne Booker har furannin kabarinsa sun fara yaushi. Hannu kuwa tun watan jiya na sa.

Zan rubuta maka abin da ya faru duk da kana wurin, don kai ƙasa kake kallo, ba ka ga abin da na gani ba.

Muna tsaye a filin coci sai ga motar gawa ta shigo, a bayanta kuma motarka. Na gane ta tun daga kwanar gada. Zuciyata ta yi fari, na manta ina fushi da kai. Na taɓa Ola Mae na ce, "Kin gani? Motarsa ya bayar a ɗauko matar Booker tun daga Detroit. Haka yake tun yana yaro, hannunsa a buɗe." Na faɗa da ƙarfi don na baya su ji, kuma sun ji.

Ka fito da hular a kanka, da farar safar a hannunka. Ni kuma, wawiyar Allah, na ratsa mutane na zo gabanka ina dariya a wurin makoki, na ce, "Kai Lonzo, cire hular nan mana, ka iso gida, nan babu 'yan sandan Tenesi!" Har na miƙa hannu zan cire maka. Ka ja da baya. Sai dattijon nan mai agogon zinariya, wanda daga baya na ji sunansa Mista Whitlow, ya sauko daga motar gawa ya ce, ba da faɗa ba, kamar yadda mutum ke faɗar abin da yake faɗa kullum, "Alonzo, ƙofa." Ka ce, "To, yallaɓai." Ka zagaya ka buɗe wa matar Booker, ka riƙe mata gwiwar hannu, ka rufe, ka koma gefen mota ka tsaya da hannu a baya.

Sunkuyon nan na gane. Shi ne wanda ka nuna wa maza gindin bishiya suna dariya.

Mutane suka kau da kai. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Sai da aka shiga coci Ola Mae ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Ayya Vesta, ashe 'yar'uwar motar da ake hutarwa ita ce ta gaba." A ranar da ake binne ƙanen mijinta ta samu sararin faɗar wannan, kuma ba zan ga laifinta ba, shekara nawa ina cusa mata motar nan a hanci. Na zauna ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin Fasto ba. Tunani nake, duk yaran garin nan na sa su layi kowane Agusta suna shiga motar makoki suna tsalle a kujera. Ni kaina na zauna a baya da hular coci ina ɗaga wa mutane hannu, a inda matan mamata ke zama su yi kuka.

Na san ka zo gidan da yamma. Ina ɗaki, na ji ka a baranda, na ji Hosea ya ce maka na kwanta. Ban kwanta ba. Ba fushi ne ya hana ni fitowa ba, ban san inda zan ajiye idona ba ne, a fuskarka ko a tasa. Bayan ka tafi na jira Hosea ya ce "ai na gaya miki". Bai faɗa ba. Ya zuba mini kofi ya ce, "Yaron ya rame." Wannan ya fi mari zafi.

Na koma wurin Baturen. Ya saurare ni da ladabi, ya ce an riga an gama. Sun fara kafa shingen waya ta gefen rafi. Kabarin Baba ba za su taɓa shi ba, gaskiya ya faɗa, amma za su rufe hanyar da ƙofa da kwaɗo, kuma nan da 'yan shekaru wurin zai zama daji.

Na tambaye ka ƙarara, Lonzo. Layi ɗaya ya isa.

Vesta

Detroit, Mishigan
31 ga Maris, 1957

Yaya Vesta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Hosea, in zai karɓa. Lafiyata ƙalau.

Kin ga abin da kin gani, ba sai na ƙara ba, amma ga sauran don kada ki ji a bakin wani. Ɗakina yana saman garejin Mista Whitlow, mai kamfanin shirya jana'iza. Gado ɗaya ne da murhu ɗaya, in na miƙe hannu ina taɓa rufi. Shi ne wurin da na ce ba zan kawo ki ba. Ina wanke motocin, ina tuƙa su, ina ɗaukar furanni, in hannu ya yi kaɗan ina kama akwatin gawa. Masana'anta ta sallame ni tun shekarata ta biyu a nan, ƙirjina bai iya hayaƙin ba. Mista Whitlow mutumin kirki ne. A Agusta mutuwa takan yi sauƙi, sai ya ba ni aron motar a madadin hutu. Shekarar farko na yi niyyar faɗa miki gaskiya da na iso. Ina tsayawa kika fito da gudu da gari a hannunki kina kiran sunan Yesu, kina cewa ɗan Mama ya zama mutum. Sai na ce bari sai gobe.

Baba ya sani. Ranar da na buɗe masa ƙofa na ce ya shiga in zagaya da shi, ya sa kansa ciki ya shaƙa, ya fito ya dube ni ya ce, "Tana ƙanshin furanni, ɗana." Ya ce ƙafafunsa sun ishe shi tukuna. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Da yana kwance ciwon ajali ya ce a raba gonar biyu, idona yake kallo, yana ba ni hanya. Ke kina tsaye, Fasto yana tsaye. Na ce ba na bukatar jar ƙasa. Da rabin nan yana hannuna, da ba a iya sayarwa sai da ni.

Ba na neman ki yafe yanzu. Na yi wa Hosea magana wurin wani mai gadin makaranta da zai bar aiki, ba tabbas, amma an ce a kawo shi a gani. Akwai wata tsohuwa 'yar Alabama a layinmu da ke da ɗaki biyu na haya, tsabtatattu. Wannan karon abin da na faɗa shi ne abin da ke akwai, ba ƙari.

Ƙanenki,
Lonzo

Cane Creek, Jojiya
12 ga Mayu, 1957

Ƙanena,

Gaisuwa. Hosea ya karɓi gaisuwarka, ya ce ka riƙa cin abinci. Pearlie lafiya, tana ta tambaya ko a Detroit ana barin yara su taɓa dusar ƙanƙara. Mun sayar da alfadarin. Hosea ne ya kai shi, ya daɗe bai dawo ba.

Na daɗe ban amsa ba don ina neman wanda zan ɗora wa laifin gaba ɗaya, na rasa. Kai ka kawo motar, ni na hau. Ka kama mana ɗakunan tsohuwar. Ba mu da wani wurin zuwa, kuma gara in ji kunya a inda ba a san Baba ba.

Amma ba zan bar shi a bayan wayar kamfani ba. Na yi magana da Fasto, an ba mu wuri kusa da Mama a makabartar coci, hukuma ma ta yarda. Masu tonon kabarinsa sun ce bayan shekarun nan abin da ya rage ɗan ƙaramin akwati zai ɗauke shi. Hosea ya riga ya ƙera shi da katakon ƙofar rumbu. Ola Mae ta aiko wai ɗanta zai kawo motarsa ta ɗaukar kaya. Na ce a gode mata. Mutumin da ya sayi ƙasar nan ba zai bar ta a bayan motar da ake kai aladu kasuwa ba.

Ka roƙi Mista Whitlow aron motar, Asabar ta biyu a Yuni. Ka gaya masa gaskiyar abin da za a yi da ita. Ka wanke ta sosai. Ka zo da hular da safar hannun, ka sa su tun daga gindin ɓaure, ba don 'yan sanda ba. Na ga yadda ka riƙe matar Booker, ka iya aikinka, ban taɓa ganin an yi shi da kyau haka a garin nan ba. Duk coci za su fito, wasu don Baba, wasu don kallo. Su kalla.

Ni zan zauna a baya in riƙe akwatin a cinyata. Ka buɗe masa ƙofa, Lonzo. Wannan karon zai shiga.

Yayarka,
Vesta